Madugu Jatau a Birnin Ƙeya

A zamanin da fatake ke cin wata biyar a hanya kafin su ga goron Gwanja, an yi wani madugu a Ƙaurar Bawa mai suna Jatau. Ya gaji jakunan ubansa, ya gaji sandarsa, ya gaji ayarin mutum kusan ɗari, amma akwai abu guda da ya ƙi gada. A al'adar gidansu madugu a ƙarshen ayari yake tafiya. Jagaba ne ke gaba yana duba hanya, shi kuwa madugu yana can baya tare da masu ɗingishi, da masu ciwon ciki, da mata masu ɗauke da tukwane, kuma ba ya shiga zango sai ƙafar ƙarshe ta shiga.

Jatau ya ce shi bai ga dalili ba. Kyakkyawan mutum ne, kuma ya san da haka, wanda shi ne rabin matsalarsa. Yana son ya riga kowa shiga kasuwa, ya zaɓi goro tun ba a tsince na kirki ba. In za a faɗi gaskiya ya iya ciniki, don cikin tafiya uku sai da garken jakunansu ya ninka. Saboda haka da Baba Arzika, tsohon jagaban da ya yi wa ubansa aiki, ya ce masa, "Madugu, nan wurina ne, naka yana baya," sai ya yi dariya.

Ya ce, "Baba, mutane wanda suke gani suke bi. In ina baya wa za su gani?"

Tsoho ya ce, "Ubanka dai ya fi damuwa da ya gan su." Daga nan bai sake tayar da maganar ba.

A tafiya ta huɗu suka shiga Faƙon Shiru, wani fili na kwana uku wanda ko tsuntsu ba ya ratsa shi. Ranar farko da tsakar rana aka nemi wani ɗan dako mai suna Nomau aka rasa. Jatau ya ce rago ne, ya gudu. Rana ta biyu jakin wani falke mai suna Cindo ya iso zango shi kaɗai, mangalarsa a ɗaure, ko ƙwayar kanwa ba ta zube ba. Jatau ya ce shi ma ya gudu, a raba aikinsa. Rana ta uku ya sauka da la'asar, ya zauna a kan buzu yana jiran furar da matarsa Tasalla ta saba kawo masa. Shekara goma sha ɗaya tana bin ayarinsa tana yi masa girki, ba ta taɓa makara ba. Ran nan fura ba ta zo ba.

Matan ayari suka zo suka durƙusa. Suka ce Tasalla ce a ƙarshe, ta tsaya gyara gammo. Da suka waiwaya sai suka ga kayanta a tsaye cikin iska daidai tsawon kanta, ba kowa a ƙarƙashi. Can kayan suka sauko a hankali suka zauna a ƙasa, kamar an taya mutum saukewa.

Wannan karon Jatau bai ce ta gudu ba. Tsoro ya kama shi, kunya ta biyo baya, ya je wurin Baba Arzika ya tsuguna.

Tsoho ya ce, "Ubanka ya taɓa gaya mini akwai wani birni a bayan faƙon nan, ana ce masa Birnin Ƙeya. Duk wanda ya yi tafiya ba ido ko ɗaya a kansa, mutanen birnin suna ɗauke shi. Hanyarsa guda ce. Ka tsaya inda ta ɓace da rana tsaka, ka ɗora kayanta a kanka, ka yi ta tafiya da baya. Kada ka sauke, kada ka juya. In ka juya, kai da ita sai a lahira."

Washegari Jatau ya koma wurin shi kaɗai, don bai yarda wani ya ga madugu ɗauke da tukwanen mace ba. Ya tarar da kayan yadda aka bar su: babban masaki, a ciki tukunyar tuwo, da ta miya, da muciya, da dutsen niƙa ɗan ƙarami. Ya taɓa gammon ya ji shi da ɗumi. Da ya ɗora kayan sai da ya yi nishi. Dutsen niƙan yana gefe guda, yana rinjayar masakin zuwa hagu, dole mutum ya karkata wuya ya ɗaga kafaɗar dama kafin ya iya tsayawa. Ya yi bismilla, ya ja ƙafa baya.

Taku bakwai ya yi inuwarsa ta ɓace. Rana ta kafe a tsakiyar sama ba ta ƙara motsi ba. Sai ya ga sawayen ayarinsa na jiya sun taso a kan faƙon, ɗaruruwa, suna tafiya su kaɗai ba ƙafafu a cikinsu, suna wuce shi dama da hagu. Ya ga sawun dokinsa can gaba yana rangaji. Ya ga na tsakiya a jere. Na baya kuwa, waɗansu da jini a dunduniya, wani yana jan ƙafa ɗaya, wani na jaki da ke gurfana ana tayar da shi. Akwai wani ɗan ƙaramin sawu da yake ratsewa gefe, ya tsaya, sannan ya sheƙa da gudu ya cim ma sauran, ya sake ratsewa. Jatau ya daɗe yana kallonsa, bai san na wane ne ba.

Daga nan ƙasa ta yi sanyi a tafin ƙafarsa, ya shiga wani kurmi. Itatuwan ba su da ganye. Abin da ke rataye a rassansu tsofaffin takalma ne masu tsinkakkun maɗauri, dubbai, suna lilo alhali ba iska. Yana cikin ratsa su sai tukunyar da ke kansa ta yi magana da muryar Tasalla, ƙasa-ƙasa, irin maganar da mutum ke yi wa kansa in yana tafiya.

"Daddawar nan ba za ta kai mu rafi ba, sai na rage. Madugu ba ya son miya ba daddawa, to ni na ci tuwona gaya."

Jatau ya ce, "Tasalla?" Tukunya ba ta amsa ba, ta ci gaba da abinta.

"Nomau yana tari da jini tun shekaranjiya. In gaya wa Madugu? Ta ina zan same shi, yana can gaba. In mun sauka kuma baƙi sun kewaye shi."

Ya yi ta ja da baya, takalma suna shafar kunnuwansa. Muryar ta yi addu'a, ta yi waƙar niƙa, ta yi tsaki a kan wata ƙaya. Can ta ƙara yin ƙasa.

"Bara war haka a hanyar nan cikin ya zube. Na binne a gindin sabara, na cim ma ayari, na tuƙa tuwo. Ya ce tuwon ya yi ruwa. Da zai waiwayo ko sau ɗaya ne, da na ɗaga masa hannu."

Jatau bai taɓa sanin ta yi ciki ba. Ya kusa zubar da kayan, ya dai riƙe da hannu biyu. Ya yi kuka, kukan da bai yi ba ko ranar da aka binne ubansa. Ga shi ba halin share ido, haka ya fita kurmin yana gani dishi-dishi.

Sai dunduniyarsa ta taka itace. Ya saci kallo ƙasa ya ga yana kan kututturen giginya da aka gitta a bakin wani rami, ramin da ba a ganin ƙarshensa, sai wata ƙara da ke tasowa daga ciki kamar ta mutane masu yawa suna haki. A bakin ramin, daidai inda ya baro, wata halitta tana zaune ta ba shi baya. Tsawonta a zaune ya kai na rumbu, hannuwanta huɗu, duk suna naɗa gammo.

Halittar ta ce, "Ya kai ɗan Adam mai tafiya da baya, ni ne mai tsaron gadar nan. Tambaya uku gare ni, gada kuwa tana jin amsa. Ina Nomau da Cindo?"

Bakin Jatau ya riga hankalinsa. Ya ce, "Sun gudu."

Nan take kututturen ya tsuke ya koma kamar tabarya. Jatau ya yi tangal-tangal.

"Wa ya ɗauke matarka?"

"Ku ne, mutanen ɓoye."

Itacen ya koma kamar muciya, yana lanƙwasa. Hakin da ke cikin ramin ya ƙaru.

"Saura ɗaya, ɗan Adam. Wa ya bayar da ita?"

Jatau ya nemi wanda zai ɗora wa laifin a ransa, ya duba Baba Arzika, ya duba matan da suka wuce ta, ya duba rana da faƙo, duk bai ga wurin ajiyewa ba. Ya ce, "Ni ne. Su ukun duka ni na bayar."

Gada ta buɗe ta yi faɗin tabarma. Halittar ta ce, "Wuce. Madugai da yawa sun kai nan, kuma su ne kake jin hakinsu a ƙasa."

Da ya ƙetare sai bayansa ya bugi ƙyaure, ƙyauren ya buɗe. Wata murya ta ce masa yanzu yana iya juyawa. Ya juya, ya ga Birnin Ƙeya.

Birni ne babba, tsaf-tsaf, amma duk gidajen bayansu kawai ake gani, ba zaure ba taga. Mutane sun cika titi, maza da mata da tsofaffi, kowa ya ba shi baya. Ya zagaya wani dattijo don ya ga fuskarsa, sai ya sake tarar da ƙeya. Ya zagaya ta ɗaya gefen, ƙeya. Har awaki da kaji haka suke. Ana cin kasuwa, ana awo, ana miƙa hannu ana karɓa, ba mai cewa uffan. Ya bi titin har wani fili, inda wata mace ke zaune a kan kifaffen turmi, gashinta fari fat ya zubo har ƙasa ya malala kamar shanyar auduga. Da ta yi magana, sai ya ji muryar tana fitowa daga bayan wuyansa.

"Sauke kayan, Jatau ɗan Kyauta. Ni ce Magajiyar birnin nan. Mun san ubanka Kyauta. Shekara arba'in muna bin ayarinsa ba mu samu ko ɗan akuya ba."

Jatau ya sauke, ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, "Ranki ya daɗe, na zo biɗar mutanena da aka sace."

"Gyara harshenka. Mu ba ma sata, tsintuwa muke yi. Abin da mai shi ke kallo ba ma taɓawa. Waɗannan da kake gani, wasu madugai ne suka bar su, wasu sarakuna, wasu iyaye, wasu mazan aure. A nan ba mai ɗora musu kaya. Me za ka ba su wanda ya fi haka?"

Ya ce, "Ba ni da abin da ya fi haka, ranki ya daɗe. Amma a gida ana jiran su, ni ma ina so a ba ni dama in gyara."

Magajiya ta ce, "Naka uku ne a nan, don haka taɓawa uku gare ka. Wanda ka ɗora wa hannu, in naka ne, ka tafi da shi. In ba naka ba ne, taɓawar ta tafi. Kira ba ya aiki, ba sa jin suna. Kuma ka sani, wanda ya shigo birnin nan da ƙafarsa ba ya fita da idon da ya zo da shi. Yadda kake ganin mutane a nan, haka za ka riƙa ganinsu har ka mutu. In ka fasa yanzu, ka koma da idonka lafiya, kai kaɗai."

Jatau ya tuna kasuwar Gwanja, inda yake karanta fuskar mai goro ya san farashinsa na ƙarshe tun bai faɗa ba. Abin da ya fi kowa iyawa ke nan a duniya. Duk da haka ya ce, "Na yarda."

Aka tara mutanen birni a filin, sahu-sahu, duk bayansu gare shi. Ya ce a ransa zai fara da Tasalla, tunda ita ce mai sauƙi, sannan ya natsu ya nemi mazan. Wane mutum ne zai kasa gane matarsa? Ya bi sahun mata yana taƙama, ya hango wata doguwa, miƙaƙƙiya, mai dogon wuya, tsayuwarta irin ta yarinyar da aka kawo masa shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ya dafa kafaɗarta. Jikinta sanyi ƙalau, ba ta motsa ba.

Magajiya ta ce, "Ɗaya."

Sai a lokacin ya gane cewa tun da suke bai taɓa tafiya a bayanta ba. In za su unguwa yana gaba. In ta kawo abinci ta juya, idonsa yana kan akushi. Ya yi ƙoƙarin tuna zanen da ta ɗaura, ya ce kamar baƙin saƙi ne. Ya sami wata mai baƙin saƙi, tsawonta ya yi daidai, ya tsaya a bayanta yana ta wasiwasi, ya miƙa hannu ya janye, ya sake miƙawa ya taɓa.

"Biyu."

Yanzu ko ya dace, mutum biyu sun zauna ke nan. Ya tsaya a tsakiyar dubban ƙeyoyi, zuciyarsa ta yi baƙi, wuyansa yana masa zogi. Tun da ya sauke kayan wuyan ya ƙi miƙewa, ya karkace, kafaɗar dama ta ɗage sama. Ya kai hannu yana murzawa, sai ya tsaya cak. Shi yini guda ya ɗauki masakin nan. Wadda ta ɗauke shi shekara goma sha ɗaya fa?

Ya bar kallon zane da tsawo, ya shiga bin kafaɗu. Can ƙarshen sahu, inda ya wuce har sau biyu bai ko kalla ba, ga wata 'yar ramammiyar mace, wuyanta a karkace, kafaɗar dama sama da ta hagu, gashin tsakiyar kanta ya cinye daidai faɗin gammo. Dunduniyarta duk faso. Da a hanya ya gan ta, da ya ce tsohuwar wani ce. Ya tsaya a bayanta, ya ga karkatarsu iri ɗaya ce. Ya ɗora hannu a hankali.

Jikin da ɗumi. Ta yi ajiyar zuciya, ta ce, "Madugu? Kai ne a bayana?"

Ya ce, "Ni ne."

Ta juyo gare shi, ya ji numfashinta a ƙirjinsa, amma abin da yake gani ƙeyarta ce.

Ya roƙi Magajiya ta ƙara masa taɓawa biyu, ya yi tayin jakunansa duka, ya yi tayin kansa. Ta ce, "Ba a ciniki a nan, ɗan Kyauta. Da ka san matarka, da ka fita da uku. Tafi. Ta shige gaba."

Suka fito, Tasalla a gaba, shi a baya ɗauke da masaki. Ba gada, ba kurmi, taku kaɗan sai ga su a faƙon, inuwarsu ta dawo, ga hayaƙin zango can nesa. Ayari ya taso da murna ya kewaye su, Jatau ya ga ƙeyoyi ɗari suna yi masa barka.

Da suka koma Ƙaurar Bawa, bai aiki kowa ba, da kansa ya je gidan Nomau da na Cindo. Ya tsuguna a gaban uwar Cindo ya gaya mata ɗanta bai gudu ba, ya faɗi yadda aka yi bai rage komai ba. Tsohuwar ba ta ce masa kanzil ba, shi kuma bai ga fuskarta ba balle ya san ko ta yafe. Ya ɗauki nauyin gidajen biyu har ƙarshen ransa, amma wannan shirun bai taɓa barinsa ba.

Ciniki ya gagare shi, sai ya sakar wa waɗanda suka iya, ya koma ƙarshen ayari. Ya zama mutum ne da zai dubi kafaɗarka ya ce a rage maka kaya tun kai ba ka san ka gaji ba. Yana gane mai zazzaɓi, da mai fushi, da wanda ya baro rigima a gida. Ribarsa ba ta ƙara kai ta da ba, amma shekara ashirin bai sake rasa mutum ba, har fatake suka riƙa rububin shiga ayarinsa. Masakin kuwa jaki aka ɗora wa.

Wata rana da hantsi, bayan tsufa ya zaunar da su, Tasalla tana tsintar wake a tsakar gida, shi yana zaune a kan tabarma yana kallon wuyan nan da bai taɓa miƙewa ba. Ya daɗe yana juya wata magana a ransa, yana jin nauyinta. Can ya ce, "Tasalla, fuskarki ta fara ɓace mini. Billen nan naki, a kuncin dama yake ko na hagu?"

Hannunta ya tsaya a cikin faifai.

Ta ce, "Ba ni da bille, Madugu. Ƙanwarka ce mai bille."

Ya sunkuyar da kai. Ta ture faifan gefe, ta matso, ta kamo hannunsa ta ɗora a goshinta, ta bi da yatsunsa kan gira, da ido, da kunci. Kuncin a jiƙe yake.

Ta ce, "Bi a hankali. Yau ba inda za mu."